Hoton faifai ɗaya, kwamfutoci iri-iri: tambayoyi da amsoshi

Wannan shafi na waɗanda aka ɗora wa nauyin kwamfutoci da yawa ne: mai kula da ɗakin kwamfuta na makaranta, injiniyan cibiyar jarrabawa ta CBT, ko ma'aikacin ofis da aka jibge wa laftof talatin aka ce gobe ake son su. Yawancin bayanin a kan Windows yake, domin a nan aka fi shan wuya. Na Linux yana can ƙasa.

Mene ne hoton faifai, kuma me zai hana in saka wa kowace kwamfuta Windows da hannu?

Hoton faifai fayil ne guda wanda ya ƙunshi babbar manhaja da aka riga aka shirya, tare da sabuntawarta da manhajojin aiki da saituttukan da ake so. Sau ɗaya za ka gina shi, sannan ka zuba wa kowace kwamfuta. Idan kwamfutocinka biyu ne ko uku, saka musu da hannu ka huta. Idan sun kai ashirin, ka lissafa lokacin saka Windows, da na jiran sabuntawa, da kuɗin datar da kowace ɗaya za ta sha tana sauke abu ɗaya da 'yar'uwarta ta gama saukewa. Ga kuma mantuwa: kafin ka kai ta goma sha biyu ka manta abin da ka saita a ta uku.

Na kwafe faifan wata kwamfuta zuwa wata, ta ƙi tashi, sai shuɗin allo take nunawa. Me ya faru?

Duba abin da aka rubuta a allon. Idan INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE ne, wanda tsofaffin Windows ke nunawa da lamba 0x0000007B, to Windows ta fara tashi amma ta kasa ganin faifan da take zaune a kai. Wannan ce matsalar da ta fi kowace yawa a wannan aiki, don haka bari mu tsaya a kanta.

Kafin Windows ta karanta komai daga faifai, sai ta loda direban na'urar da ke sarrafa faifan, wato ƙaramar manhajar da ke sa ta iya magana da na'urar. A kwamfutar da aka saka ta da farko, ta riga ta san wane direba ne wannan, ta sa shi cikin waɗanda ke tashi tun farko. Da ka kai ta wata kwamfutar mai na'ura daban, sai ta nemi hanyar da ta saba ta rasa. Sau da yawa ma kwamfutocin iri ɗaya ne sak, saitin BIOS ne kawai ya bambanta: wannan an sa ta a AHCI, waccan a RAID, hanyoyi biyu na sarrafa faifai. Kwamfutocin Dell da yawa suna fitowa daga kamfani a kan RAID On ko da faifai ɗaya ne a cikinsu. Laftof masu Intel zubi na 11 zuwa sama kuma da yawa suna da abin da ake kira VMD, wanda idan yana kunne, ko filashin saka Windows ba zai ga faifan ba sai an ba shi direban Intel RST.

Mafita biyu ce. Ko dai ka shiga BIOS na kowace kwamfuta ka mayar da su duka AHCI kafin ka zuba hoton, ko ka saka direban RST a cikin hoton da kuma cikin WinPE, ƙaramar Windows ɗin da ake tayar da kwamfuta da ita daga filashi don zuba hoto. Ni na fi son ta biyu, musamman ga kwamfutocin gwanjo. Dalili kuwa shi ne batirin madabod, ɗan ƙaramin CR2032 ɗin nan. Idan ya mutu, BIOS na iya komawa saitin kamfani, kwamfutar da ka bari a AHCI ta wayi gari a RAID ta ƙi tashi, kai kuma kana can wani gari. Hoton da ke ɗauke da direbobin biyu ya fi jure wannan.

Idan kuwa ba shuɗin allo ka gani ba, kwamfutar cewa take ba ta sami abin da za ta tashi da shi ba, to matsalar bambancin tsohon BIOS ce da UEFI, sabon tsarin da ya gaje shi. UEFI na neman faifai mai tsarin GPT da ɗan ɓangaren EFI, tsohon BIOS kuma na neman MBR. Wanda aka kwafo daga ɗaya ba zai tashi a ɗayan ba sai an gyara.

Me Sysprep ke yi takamaimai?

Sysprep na cikin kowace Windows, a C:\Windows\System32\Sysprep. Aikinsa ya sa Windows ta manta da kwamfutar da aka gina ta a kai. Umarnin da aka saba shi ne:

sysprep /generalize /oobe /shutdown /unattend:C:\unattend.xml

Kalmar /generalize ce zuciyar aikin. Tana goge lambar shaida ta kwamfutar wato SID, da sunanta, da bayanan na'urorin da aka gano, da rajistar abubuwan da suka faru, da wuraren komawa baya. Fayilolin direbobi suna nan a ma'ajiyarsu, abin da aka cire shi ne ɗaurin da ke tsakaninsu da na'urorin waccan kwamfutar. Saboda haka a tashin farko, Windows za ta sake laluben abin da ke cikin sabuwar kwamfutar tun daga tushe. /oobe ya sa ta tashi a allon maraba, /shutdown kuma ya kashe ta domin ka ɗauki hoto.

A nan mutane da yawa ke yin asarar aikin yini. Da Sysprep ya kashe kwamfutar, kada ka bari ta sake tashi cikin Windows kafin ka ɗauki hoton. Idan ta tashi, ta riga ta yi wa kanta sabon SID ta ɗaure da na'urorin wurin, sai an sake.

Na ji an ce maimaituwar SID ba ta da illa. To Sysprep ɗin na mene ne?

Maganar tana da asali. A 2009 Mark Russinovich na Microsoft, wanda shi ya rubuta manhajar NewSID ta canza wannan lamba, ya yi bayanin cewa bai sami inda maimaituwar SID na kwamfuta ke jawo matsala ba, aka kuma janye manhajar. Sai dai a wannan bayanin ma ya ce a ci gaba da amfani da Sysprep, domin ba SID kaɗai ke maimaituwa ba. Sabar WSUS mai rarraba sabuntawa tana gane kwamfutoci da wata lamba tata, idan ta maimaitu sai ka ga kwamfuta arba'in sun zama ɗaya a jerinta. Sabar lasisi ta KMS sai ta ƙirga kwamfuta 25 mabambanta kafin ta fara kunna Windows, kwafin da ba a yi wa /generalize ba kuwa ɗaya take ƙirga su komai yawansu.

Yanzu ma zancen ya canza. Tun daga sabuntawar ƙarshen Agustan 2025, Windows 11 zubin 24H2 zuwa sama tana ƙin amincewa da wata kwamfutar da SID ɗinsu ya zo ɗaya. Alamar ita ce rabon fayil ko shiga daga nesa ya ƙi, ana ta cewa kalmar sirri ba daidai ba ce alhali daidai take. Microsoft dai tun da can ba ta tallafa wa kwafin da bai bi ta Sysprep ba.

A kan wace kwamfuta ya kamata in gina hoton?

A kan kwamfutar kwaikwayo, irin wadda ake ƙirƙira a cikin Hyper-V ko VirtualBox ko VMware. Wannan ce shawarar da na fi riƙewa da ƙarfi a duk shafin nan.

Idan ka gina a kan laftof ta gaske, Windows Update zai cika ta da direbobin wannan samfurin, da ƙananan manhajojin kamfanin na sauti da madannai da batiri. Duk za su bi hoton zuwa kwamfutocin da ba su da alaƙa da su, wasu su zauna shiru, wasu su riƙa fito da saƙon kuskure kullum. Kwamfutar kwaikwayo ba ta da wannan tarkace. Tana kuma ba ka damar ajiye alamar komawa baya. Ka ajiye ɗaya dab da za ka kunna Sysprep. Idan ya lalace, minti ɗaya ya ishe ka komawa. Idan wata uku suka wuce kana son sabunta hoton, daga wannan alamar za ka ɗora.

Yadda ake yi: saka Windows daga ISO na asali, wato fayil ɗin saka Windows, da ka sauke daga Microsoft. Idan ta kai allon farko inda take tambayar ƙasa, danna Ctrl da Shift da F3 tare. Za ta shiga yanayin Audit a matsayin Administrator ba tare da ka ƙirƙiri wani asusu ba. A nan za ka yi sabuntawa ka saka manhajoji. Kada ka shigar da ita domen, wato tsarin asusun ofis na bai-ɗaya, kada ka shiga da asusun Microsoft.

Me zan saka a ciki, me zan bari a waje?

Saka abin da kowa ke buƙata kuma ba ya saurin tsufa. Manhajar ofis, mai buɗe PDF, burauza, manhajar da makarantar ke koyarwa da ita. Bar manhajar kariya ta kamfani da duk wata manhajar da ke yi wa kwamfuta rajista da lamba ta musamman a wata saba, a saka su bayan an zuba hoton.

Sauran saituttuka kuwa fayil ɗin unattend.xml ne wurinsu. Da Windows System Image Manager ake rubuta shi, wanda ke cikin kunshin Windows ADK na kyauta. A ciki za ka amsa tambayoyin allon maraba tun kafin a yi su: harshe, asusun farko, da lokaci, wanda na Nijeriya da Nijar sunansa W. Central Africa Standard Time. Windows tana da kibod na Hausa mai ɓ da ɗ da ƙ, kuma a nan ne ya fi sauƙi a ƙara shi wa kowace kwamfuta lokaci guda. Ka sani cewa kalmar sirrin da ka rubuta a wannan fayil ba a kulle take da gaske ba, mai ɗan sani zai iya warware ta. A canza ta bayan an gama.

To direbobin fa? In zuba na duk samfuran a hoto ɗaya?

Za ka iya, idan samfuran biyu ne ko uku. Idan sun fi haka, hoton zai kumbura, kuma wani lokaci Windows kan zaɓi direban da ya yi kama da na'urar amma ba nata ba ne.

Hanyar da ta fi tsabta ita ce ka ware wa kowane samfuri jakarsa. Dell da HP da Lenovo duk suna fitar da kunshin direbobi na samfuransu na ofis, irin su Latitude da OptiPlex da EliteBook da ThinkPad. Bayan ka zuba hoton a faifai, tun kana cikin WinPE, sai ka ƙara na samfurin da ke gabanka, inda W: ne ɓangaren Windows, E: kuma filashinka:

dism /Image:W:\ /Add-Driver /Driver:E:\Direbobi\Latitude5490 /Recurse

DISM, kayan aikin Windows na sarrafa hoto da ke cikin wannan umarni, fayilolin INF yake karɓa. Direban da ya zo a matsayin EXE sai an warware shi tukuna. Idan samfurin ba shi da kunshi, kamar yadda yake ga yawancin laftof na gida, ka saka wa ɗaya Windows da hannu, ka bari komai ya zauna daidai, sannan ka kwashe direbobinta da dism /Online /Export-Driver /Destination:E:\Direbobi\Sunanta. Direbobi biyu ne ba a wasa da su: na faifai da na netwok. Da waɗannan biyun kwamfuta za ta tashi ta nemo sauran da kanta.

Akwai saitin PersistAllDeviceInstalls da ke hana Sysprep kwance na'urori, don tashin farko ya yi sauri. Na kwamfutoci iri ɗaya sak ne kawai. Idan naka gauraye ne, kada ka taɓa shi.

Clonezilla zan yi amfani da shi ko DISM?

Aikinsu ya bambanta. Clonezilla, wadda aka ƙirƙira a cibiyar NCHC ta Taiwan kuma kyauta ce, tana kwafe ɓangarorin faifai yadda suke, tana tsallake wuraren da babu komai. Tana da sauri da sauƙin koyo, kuma ba ruwanta da Windows ce ko Linux. Sharaɗinta shi ne faifan da za a zuba wa ya kai girman na asali ko ya fi shi. Wannan wani dalili ne na gini a kwamfutar kwaikwayo: ka ba ta ƙaramin faifai, kamar GB 64 ko 80, hoton zai shiga SSD mai 128 da mai 512 duka, daga baya a faɗaɗa ɓangaren.

DISM kuwa yana ɗaukar hoton WIM, wanda fayiloli yake tattarawa ba ruwansa da yadda faifan yake. Da Windows Vista wannan tsari ya zo, kuma shi ne lokacin da aka daina wahalar zamanin XP, inda sai an gina hoto daban-daban saboda bambancin HAL, ɓangaren Windows da ke magana da madabod. WIM ɗaya zai zauna a GPT ko MBR, a babban faifai ko ƙarami, kuma za ka iya buɗe shi ka ƙara direba ko sabuntawa ba tare da ka sake gini ba. Ga wanda kwamfutocinsa tarin gwanjo ne, yau a sayo HP biyar gobe Dell bakwai, WIM ya fi dacewa. Ko wanne ka zaɓa, Sysprep ne farko.

Yaya ake zuba WIM ɗin?

Ka tashi kwamfutar da filashin WinPE. Da diskpart, manhajar yanka faifai, za ka share faifan ka mayar da shi GPT, ka yanka ɓangaren EFI a FAT32 mai harafin S:, ka ba shi kamar MB 300 don kada ya cika nan gaba, sai MSR, ɗan ɓangaren da Windows ke keɓe wa kanta, mai MB 16, sai na Windows a NTFS, sai na farfaɗowa. Sannan:

dism /Apply-Image /ImageFile:E:\hoto.wim /Index:1 /ApplyDir:W:\

bcdboot W:\Windows /s S: /f UEFI

Layi na biyun shi ke rubuta fayilolin tashi. Wanda ya manta da shi zai ga komai ya shiga lafiya amma kwamfutar ta ƙi tashi. Ka rubuta duk matakan a fayil ɗin umarni guda don kada hannu ya kuskure, kuma ka tabbatar da lambar faifai kafin umarnin clean, domin diskpart ba ya tambaya sau biyu.

Filashi mai FAT32 ba ya ɗaukar fayil da ya wuce GB 4, hotonka kuwa zai wuce. Ko ka raba shi da /Split-Image, ko ka yi wa filashin ɓangare biyu, ƙarami na FAT32 don tashi da babba na NTFS don hoton.

Sysprep ya tsaya ya ce ya kasa tantance Windows. Ina zan duba?

Buɗe setupact.log da setuperr.log a C:\Windows\System32\Sysprep\Panther. Kusan kullum dalilin yana rubuce a layukan ƙarshe. Wanda aka fi gani shi ne wata manhajar Microsoft Store da aka saka ko aka sabunta wa asusu ɗaya ba a tanadar wa kowa ba. Fayil ɗin zai faɗi sunanta, sai ka cire ta da Remove-AppxPackage a PowerShell ka sake gwadawa. Rigakafinsa shi ne ka hana Store sabunta kansa yayin gini. Na biyu BitLocker: dole faifan ya zama a buɗe gaba ɗaya, kuma Windows 11 24H2 kan fara kulle faifai da kanta, don haka duba da manage-bde -status. Na uku sabuntawar da ke jiran a sake kunna kwamfuta.

Sau nawa za a iya yi wa hoto ɗaya Sysprep?

A Windows 7 sau 3 ne. Daga Windows 8.1 zuwa sama sau 1001. Mai komawa alamar da ya ajiye kafin Sysprep ba zai taɓa kusantar iyakar ba.

Lasisi fa? Hoton zai kunnu a kowace kwamfuta?

Tun daga Windows 8, manyan kamfanoni suna dasa mabuɗin lasisi a cikin madabod, shi ya sa ba ka ƙara ganin takardar mabuɗi manne a ƙasan laftof. Idan hotonka Pro ne kuma mabuɗin cikin kwamfutar na Pro ne, za a iya kunna ta da shi. Idan na Home ne, Pro ba zai kunnu da shi ba, kuma wannan kan faru sosai idan an haɗa laftof na gida da na ofis a saye ɗaya. Ka bincika kafin ka gina, ba bayan ka zuba wa hamsin ba. Ta fuskar ƙa'ida kuma, izinin zuba hoto ɗaya wa kwamfutoci da yawa yana tafiya ne da yarjejeniyar lasisin jumla ta Microsoft, sai makaranta ko ofis su duba abin da suke da shi.

Ina roƙon masu wannan aiki su guji ISO da aka yi wa kwaskwarima da manhajojin kunna Windows na sata. Duk abin da ke ɓoye a cikinsu, da hannunka za ka raba wa kowace kwamfuta a ginin, har da waɗanda ɗalibai za su rubuta jarrabawa a kai.

Wasu kwamfutocina tsofaffi ne. Hoton Windows 11 zai yi musu?

Windows 11 na neman TPM 2.0, da UEFI mai iya Secure Boot, da RAM GB 4, da faifai GB 64, kuma a ɓangaren Intel galibi zubi na 8 zuwa sama. DISM ba ya duba waɗannan sharuɗɗa lokacin zubawa, don haka hoton na iya tashi a kwamfutar da ba ta cika su ba. Amma Microsoft ba ta yi alkawarin sabuntawa ga irin wannan kwamfuta ba. Tallafin Windows 10 na gama-gari kuma ya ƙare ranar 14 ga Oktoba, 2025. Ga ɗakin da aikinsa burauza ne da rubutu, Linux zaɓi ne na gaske ga waɗannan tsofaffin, in dai manhajar da ake buƙata tana aiki a kai. Hoton x64 kuma ba zai tashi a laftof mai Snapdragon ba, wannan sai nasa na ARM64.

Linux ma sai an yi masa irin wannan shiri?

Ya fi sauƙi, domin yawancin direbobi suna tare da kernel, ana gano na'urori a kowane tashi. Amma akwai abin sharewa. Ka mayar da /etc/machine-id fayil marar komai don kowace kwamfuta ta samar da nata. Idan ka bar shi, a tsarin da ke amfani da systemd-networkd kwamfutoci na iya karɓar adireshin IP ɗaya daga DHCP, su yi ta ture juna daga netwok. Ka goge mabuɗan ssh_host da ke /etc/ssh, ka tanadi yadda za a ƙirƙiri sababbi a tashin farko, misali da ssh-keygen -A. Ka duba /etc/fstab ya zama da UUID yake kiran ɓangarori, domin abin da yake sda a nan yana iya zama nvme0n1 a can. Sunan katin netwok ma yana canzawa, eno1 a wannan, enp3s0 a waccan, don haka kada ka kafe suna ɗaya a saiti.

Fedora da dangin Red Hat suna gina initramfs, ƙaramin kunshin da kernel ke lodawa a farkon tashi, da direbobin kwamfutar da ake kai kaɗai, sai ka sake gina shi da dracut --no-hostonly, in ba haka ba za ka gamu da irin matsalar faifan da muka yi bayani a sama. Manhajar virt-sysprep tana yin yawancin wannan shara a kan hoton kwamfutar kwaikwayo.

Kwamfuta ɗari biyu ce a gabana. Da filashi zan bi su?

A'a, ta netwok. Kunna PXE, wato tashi ta netwok, a BIOS, ka kafa manhajar FOG Project ko Clonezilla a yanayin saba. Dukansu suna iya aika hoto sau ɗaya kwamfutoci da yawa su karɓa tare. A irin wannan aikawa, kwamfuta ɗaya mai lalataccen kebul ko faifai mai ciwo tana iya jan saurin kowa ƙasa, don haka a yi rukuni-rukuni, a ware mai matsala. Saba da suwic su kasance a kan UPS ko inbata. Idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar zubawa, faifan da aka share bai cika ba, sai an sake daga farko.

Ta yaya zan san hoton ya yi?

Zuba shi a kwamfuta ɗaya daga kowane samfuri kafin ka taɓa sauran. Buɗe Device Manager ka ga ko akwai alamar ruwan ɗorawa. Gwada sauti, Wi-Fi, kyamara, hasken allo, barci da farkawa. Duba kwanan wata, domin agogon da ya koma baya kan hana sabuntawa da kunna lasisi da buɗe shafuka masu tsaro. Shiga da asusun ɗalibi ko na ma'aikaci ka gwada manhajojin, kada ka tsaya a na Administrator inda komai ke buɗe. Sannan ka sa wa fayil ɗin hoton suna mai ɗauke da zubin Windows da watan da aka gina shi, ka ajiye ɗan rubutu kusa da shi mai faɗin abin da ke ciki, da samfuran da aka gwada, da saitin BIOS da kowane samfuri ke buƙata.